Hanyar da Babana Ya Sara

Ga ni da diga a bayan Mairuno,
kan hanyar da babana ya sara
shekarar da gwamnati ta so katakon dogo.
Bagaruwa dubu ta bi nan a bayan mota,
ta je Sannar ta kwanta ƙarƙashin jirgi.
Jirgin ya daina zuwa.
Hanyar ce ta ƙi tafiya.

Duk damina sai ta rikiɗe kwazazzabo,
ta kwaso yashi da baƙar laka
ta juye a bakin ƙorama,
daidai inda karfasa ke share gurbi.
Ƙwai ba ya numfashi a cikin taɓo.
Bara Gambo ya zazzage min komarsa:
tarwaɗa uku, da silifa wari ɗaya.

Attayyib na gandun daji ya zo da takarda,
mu muka zo da kafaɗa.
Mun tono kwalbati, ya fito yana aman tsatsa.
Mun farfasa ƙasar da taya ta daddaɓe
har ta tuna yadda ake shan ruwa.
Yara suna biye da mu da kashin awaki,
wai irin da ya ratsa cikin akuya
ya fi saurin buɗe ido.

Inna Kaltume ba ta gaishe ni ba kwana tara.
Ta nan aka kai ta Sinja tana naƙuda,
ta nan gawayinta ke fita kasuwa.
Ban da amsar da zan ba ta.
Na ce zagayen ba nisa. Ƙarya na yi,
da nisa.

Ranar Laraba digata ta daki ƙarfe.
Kan gatari ne, ƙota ta daɗe da ruɓewa.
Ban ce nasa ba ne, ban ce ba nasa ba.
Na goge shi da bakin riga, na sa aljihu,
nauyinsa na ja na gefe guda har magariba.

Baba, ba raina aikinka na yi ba.
Da kuɗin hanyar nan ka yi min kaciya,
ka sa mana rufin kwano.

Yau kogi ya cika, ya shigo daji a hankali.
Na shiga ƙorama zuwa gwiwa,
na ga yatsuna goma a ƙasa.
'Ya'yan kifi kamar allurai
suna tsattsaga inuwata.
Gambo na kan tudu bai jefa koma ba,
ya ce a bari su yi ƙiba tukuna.