Faifan Zabairu

Sana'ata turi ce.
Rumfata na bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran agogo da mai tsire.
Dala ashirin, in cika maka memori
da abin rawa, da wa'azi, da na kuka in kana so.

Ran nan Zabairu ya zo,
ɗan unguwar Birni, wanda ya rataye gurminsa tun bara.
Ya ajiye mini kati kamar mai biyan bashi,
ya ce, "Faifaina ne. Guda bakwai.
Kada ka ji shi da rana."

Na ji shi da rana.
Na ce kwamfuta ta lalace.

Ba kalangu, ba tafi, ba 'yan amshi,
ba sunan wani alhaji.
Gunji ne kawai, can ƙasa-ƙasa,
irin na tiransifoma dab da a ɗauke wuta,
yana tafiya, yana tafiya,
bai isa ko'ina ba.

Sai dare. Wuta ta tafi inda ta saba zuwa.
Na kwanta a tsakar gida, waya a ƙirji,
zafi ya zauna mini a wuya.
Na sake kunnawa.

Ashe famfo ne.
Ya kafa makirfo a bakin famfon
da ya yi wata uku ba ɗigo,
ya ɗauki hucinsa,
iskar nan mai tashin gida duka da bokiti
sannan ta yi shiru.
Ya ja hucin, ya miƙe shi kamar fata a majema
har ya zama kogo.
A cikin kogon jarkoki na karo da juna,
jemagu na wucewa,
wata ƙofar kwano na kuka a hankali.

Sannan murya. Ba rerawa yake ba.
Magana ce, irin ta mai gida
in yana faɗa wa matarsa gaskiyar aljihu cikin duhu:
"Ƙarfe biyun dare. Mu goma sha tara a layi.
Dutse ne ke riƙe wa Habsu wuri.
Dutsen ya fi mu iya jira."
Sai ya bar ka kai kaɗai da gunjin,
har ka fara jin jininka.

A na uku ya jera sunayen tafkuna
da aka cike aka yi gini a kansu.
Bai ce komai a kai ba. Suna kawai, da numfashi.

A na biyar wani ya yi tari a bayan magana.
Biyu gajeru, ɗaya dogo, sai "wash Allah".
Na tashi zaune.
Tarin Baba Tanimun ne, ga-ruwan layinmu,
shekara goma sha takwas yana turo kura ƙofar gidanmu,
aka binne shi cikin azumin da ya wuce.
Ba mu da hotonsa.
Jarka huɗu yake binmu har yanzu.
Na mayar baya. Na mayar baya.
Har caji ya ƙare yana tari.

Da safe na fara cusa faifan a katin mutane
ba tare da sun tambaya ba.
Wani ɗan kabu-kabu ya dawo yana huci:
"Ka sa mini aljanu a waya!"
Uku suka karɓi kuɗinsu.
Mai gyaran agogo ya ce in nemi tofi.

Amma ran Alhamis wata tsohuwa ta zo,
ta kwance bakin zane, ta ƙirga dala ashirin.
Ta ce a tura wa ɗanta da ke Arlit,
ya ce ya manta yadda gida yake da dare.

Zabairu ya biyo da la'asar.
"Nawa ka sayar?"
Na ce ɗaya.
Ya dubi duwatsun da ke bayan gari, ya gyaɗa kai,
ya sayi tsire na dala arba'in, muka ci.
Ban faɗa masa zancen tarin ba.
Ban sani ba ko ya san yana ciki.