Tsirkiya

Ni ne mai sharar fili a bayan kamfanin auduga,
nan Garwa, inda jar ƙasa ke shan ruwa safe da yamma.
Shekara talatin ina ja wa tanis farin layi,
ina ɗaure raket ɗin manya,
har yatsuna suka yi kanta, suka san kukan tsirkiya.

Jaratu ta zo tana 'yar tara,
'yar Bappa Sali mai facin taya a Rumde Ajiya.
Tsintar ƙwallo take yi, dala ashirin a wuni.
Ba ta kallon fuskar masu wasa,
ƙafafunsu take bi da ido,
shiru, ba ta tambaya.

Wani injiniya ya rotsa raket don haushi, ya jefar.
Na ɗaure shi da zaren masuntan Binuwai, na miƙa mata.
Bangon sito ne abokin karawarta na fari.
Bango ba ya haki, ba ya kuskure, ba ya cewa sannu.
Shekara huɗu tana dukansa
har siminti ya yi loko kamar cikin ƙwarya.

Tana sha shida ta hau jirgin ƙasa a Ngawundare
da takalmin aro, ta cusa auduga a wajen yatsu.
A Yawunde aka ce, wace ce wannan?
Kwana shida, ba wanda ya sake tambaya.

Daga nan sai murya a waya.
Duwala. Alƙahira. Tunis. Wani gari da na kasa faɗa.
Ta ce, Baba Hamajoda, na ci,
amma kuɗin kofin bai kai na jirgi ba.
Ta ce, mu huɗu ne a ɗaki,
ina wanke rigar wasa da dare, in sa ta da danshi.
Sau biyu aka hana ta biza.
Ta zauna a Duwala da jakarta a ɗaure,
gasar ta wuce kamar kwale-kwale,
ita tana gaɓa, a tsaye, ta yi shirin tafiya.

Ta ɗari uku da sha biyu.
Nan sunanta ya tsaya a jerin matan duniya.
A majalisar shayi wani ya yi dariya,
wai ɗari uku na gabanta.
Na ce, kai nawa ke gabanka a layin famfo?
Na rubuta lambar da gawayi a ƙofar ɗakin kaya,
duk damina in sake ta.

Akwai wasa guda da ban gani ba, amma na haddace.
Awa uku da kwata, rana tsaka,
ƙwallo ya taɓa bakin raga, ya tsaya yana shawara,
ya faɗo ɓangarenta.
Ta je ta ba yarinyar hannu.
Da dare ta kira, ba ta ce komai ba,
ni ma haka. Muka cinye kuɗin waya.

Gwiwa ce ta fara magana,
kafaɗa ta amsa.
Likita ya yanka, ya ɗinka, ya ce a gwada.
Ta gwada shekara biyu.
Jiki rance ne, mai shi ba ya mantuwa,
ba ya kuma karɓar magiya.

Ranar wata Talata ta sauka daga bayan babur,
da ɗingishi kaɗan, da raket biyar a jaka.
Ba ganga, ba gwamna.
Ta duba layina, ta ce ya karkace.
Gaskiya ne. Idona ya fara ƙarya.

Yanzu ita ke ban ruwa, ni ina ƙarƙashin darbejiya.
Yara sha ɗaya ke dukan bangon sito,
bakwai mata, ɗaya bahaguwa mai taurin kai.
Jiya tsirkiyar bahaguwar ta tsinke.
Na karɓa, hannuna na rawa, zare ya ƙi shiga rami.
Jaratu ta durƙusa da gwiwar nan mai tabo,
ta ce, kawo, Baba.
Ta ja, ta ƙulla, ta kaɗa da farce kusa da kunnena.
Na saurara.
Na ce, ƙara kaɗan.