Tari Daban, Ɗif Daban

Mannir ya kawo ta bayan La'asar,
Golf ce ja, amma cikinta ba na Golf ba ne.
Ya ɗaura mata turbo mai girman ƙwarya,
ya sauya salansa, ya buɗe mata hanci.
Ya ce, "Oga Nalado, gardama take yi mini.
Cikin gari lafiya lau, ko kaza ba ta firgitawa,
sai na hau titi na taka
ta ce ba da ita aka yi ba."

Na ce, bar bonet ɗin a rufe tukuna.
Ciwon da ba ya zuwa sai ana gudu,
ba a tsaye ake tambayarsa ba.

Muka fita ta Ƙofar Durɓi, muka miƙi hanyar Daura.
Giya ta uku, na ce taka.
Turbo ya fara siririn fito,
allura ta haura dubu huɗu,
sai fat, fat-fat, ta kama in'ina,
salansa na fashewa kamar gishiri a garwashi.
Na ce kar ka ɗaga. Ya ƙara nitsa ƙafa.
Dab da Kayauki, ɗif!
Kamar an fizge mu da igiya ta baya,
goshina ya gaisa da gilashi.
Daƙiƙa guda, ta dawo hayyacinta.

Ya ce, "Ka ji ciwon."
Na ce, biyu ka ji, ka ɗaure su da zare ɗaya.
Na fari tari ne, wuta ke mutuwa a bakin fulogi.
Na biyu mai aka hana ta,
kuma wanda ya hana ɗan gida ne.

A gindin bedi na jera fulogi huɗu bisa kwali.
Uku sun yi launin soyayyar gyaɗa,
na silinda ta uku baƙi, jiƙe, yana warin fetur.
Na musanya kwayil, tarin bai bi kwayil ba.
Baki ne ya yi faɗi,
iskar turbo na hure tartsatsin
kamar ashana a bayan a-kori-kura.
Na matse bakunan, kaurin farce bai kai ba.

Saura ɗif.
Jazuli, yarona, ya kaɗa ruwan omo a gwangwani,
muka hura da famfon keke,
tiyo bayan tiyo, har aka kira Magariba.
Can ƙasa, bayan injin, inda hannu ke ƙonewa,
ɗan tiyon da ke tura ƙofar rage iska
ya tofo kumfa.
Tsaga ce kamar ta diddige.
Ƙofa ba ta buɗewa, iska na cunkushewa,
ƙwaƙwalwar mota ta ga abin ya wuce gona da iri,
ta rufe mai kafin fistin ya narke.

Mannir ya ce, "To a cire mata wannan takunkumin.
Akwai mai kwamfuta da ke yi, an ba ni lamba."
Ban ce komai ba.
Na ɗauko abin da nake danne rasit da shi,
fistin ne mai huji, yatsa na shiga,
na aza masa a tafin hannu.
Na ce, mai wannan ma lamba aka ba shi.

Ya juya shi, ya leƙa ni ta hujin.
Ya biya kuɗin tiyo, bai nemi ragi ba.

Bayan Isha'i na ji ta can kan titi,
fito ɗaya, dogo, babu tuntuɓe.
Na wanke hannu da fetur, sannan da toka,
na lalubo ƙwayar hawan jini a aljihu.
Watan jiya ni ma na yi ɗif a gindin bedin nan,
sufana a hannu,
kuma sati guda ina zagin likita.