Tsakuwar Kunnen Kifi

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
mu ne baƙinsa.
Ƙarfe bakwai nake haye gadar Teja,
takalmi sharkaf, jaka rungume a ƙirji,
in buɗe ɗakin gwaji kafin kowa
in kunna fitilar madubi.

Aikina ƙirga shekarun matattu.
A cikin kan kowane kifi akwai farar tsakuwa
da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba.
In yanka, in goge, in ɗora a gilashi,
sai ga zobba, wani cikin wani,
kowane zobe shekara guda a teku.
Kifi dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya na ƙirga wa.
Tawa shekarar ta huɗu ce,
ba mai ƙirga mini ita sai ofishin alawus,
su kuwa sun ce daga Maris an rufe famfo.

Farfesa Barrientos mace ce mai kirki,
kirkin nata dai jan biro yake sha.
Babi na uku ya dawo mini
kamar an yanka kaza a kansa.
A gefen shafi na arba'in ta rubuta: "Wa ya ce?"
Na ce a raina, ni na ce.
Na kwana uku ina tonon mujallu,
ina neman wanda ya riga ni faɗa
don a yarda da abin da idona ya gani.

Wata tara maƙalata tana hannun alƙalai.
Na biyunsu, marar suna, marar fuska,
ya karanta ta kamar mai tsince ƙaya,
ya zubar da naman.

Efraín da muka fara tare ya ajiye.
Yana gonar kifi a Calbuco, ya sayi mota.
Kofinsa na nan kan tebur.
Nakan wanke shi ranar Juma'a, ban san dalili ba.

Asabar na hau jirgin fito zuwa Corral.
Inna ta gama shela wai 'yarta za ta zama dakta,
ga Herminda maƙwabciya ta iso da gwiwarta a kumbure.
Na ce, ba irin wannan daktar ba.
Ta ce, to wace iri?
Na buɗe baki, na rufe.
Na taɓa gwiwar dai, don kunya.

Baba na bakin ruwa yana ɗinkin koma.
"Rayén, har yanzu makarantar?"
Har yanzu, Baba.
Bai ƙara ba. Ya zaro kifi daga kwando,
ya jinjina shi a tafi, ya leƙa bakinsa,
ya shafa bayansa da babban yatsa:
"Wannan ya ga shekara shida.
Ta huɗun ta ba shi wuya."

Na cire tsakuwar da wuƙarsa,
na ƙulle a bakin gyale.

Daren Litinin, ginin ya watse,
sai ni da ƙarar firji.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Na huɗu siriri, kamar zaren da ya kusa tsinkewa.
Biyar. Shida.
Na goge ido, na sake. Shida.

Na daɗe zaune.
Ruwa na dukan kwano, shayi ya huce.
A ƙarshen kundina akwai sunaye ɗari biyu da tara,
mutanen Bergen, mutanen Hobart,
ba ko ɗaya mai ƙarnin kifi a hannu.

Na jawo babi na uku, shafi na arba'in.
Ƙarƙashin jan rubutunta
na sa da fensir, ƙanana:
Eladio Antillanca, Corral, ranar Asabar.

Gobe ƙarfe goma zan gan ta.
Abin goge fensir na nan cikin aljihuna,
ban taɓa shi ba tukuna.