Ta Goma Sha Ɗaya

Ranar da aka liƙa takardu a bangon jami'a
na sa yatsa na bi su layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake.
Babu ni a shafin farko.
Babu a na biyu.
Can ƙasa, inda gam ya fara saki,
aka rubuta: masu jira.
Zuwaira Illiyasu, ta goma sha ɗaya.

Inna ta tare ni a zaure, ta ce,
to, guɗa za mu yi ko shiru?
Na ce ajiye guɗar tukuna, ba ta ruɓewa.

Ni 'yar Damagaram ce, layi ba baƙona ba ne.
Tun ina shekara tara
nake kai jarka famfon unguwa kafin kiran assalatu,
in ɗaura mata jan tsumma a wuya don kar a musanya,
in koma in ƙarasa barcina.
Jarka ke tsaya mini.
Yanzu sunana ne jarkar,
yana can a bango rana na gasa shi,
ni ina gida ina wanke tukwane.

Litinin na ba ɗan kabu-kabu dala arba'in.
Ofishin rajista taga ɗaya ce,
bayanta Malam Tsahiru da tulin dosiye,
an ɗaure kowanne da roba.
Ya ce, lambarki?
Na ce, sunana...
Ya ce, lambarki.
Ba mugu ba ne. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba.
Sai wani ya bar wuri, in ji shi. Ki kira Alhamis.
Ya rubuta mini lambar waya a bayan tsohon rasit.

Alhamis ta fari, ta yi ta ringi har ta gaji.
Ta biyu, yana taro.
Ta uku na laɓe bayan garken awaki,
na jera Faransancina tsaf kamar kwanukan jere,
ya ɗauka, na gaishe shi, na gaida iyalinsa,
ina cewa "dama ina so in ji ko"
kuɗin wayata suka ƙare.

Kawu Sha'aibu ya ce ya san wani da ya san wani.
Na ce a bari.
Ba tsarkin zuciya ba ne, kar in yi ƙarya,
tsoro nake a gane fuskata a ce na matsa.

Habsu ta samu. Har ta ɗinka farar riga a Kasuwar Dole.
Ta ce in gwada.
Hannun ya yi mini tsawo. Muka yi dariya,
na cire da sauri.

Abin da ya fi damuna, addu'a.
Me zan roƙa?
Mutum goma ne a gabana, kowa da uwarsa.
In wani ya samu guri a Yamai, Allah ya sa albarka, ya tafi lafiya.
Amma akwai wadda hatsin ubanta bai yi ba bana,
kuɗin rajista zai gagare ta,
kujerarta kuwa ita nake jira.
Sai in ɗaga hannu, in rasa ta inda zan soma,
in shafa haka nan.

Jiya kafin in faɗi lamba ya gane muryata.
Ta goma sha ɗaya ce?
Na ce ita ce.
Na ji yana buɗe takarda.
Yanzu ke ta huɗu ce. Ki kira Alhamis.

Ban tambayi inda bakwai ɗin suka tafi ba.
Ban gaya wa Inna ba tukuna.
Na ɗauki gammo na nufi famfo,
na tarar ya fara tari,
iska yake fitarwa, ruwan bai iso ba.
Na ƙirga jarkunan da ke gaban tawa,
na zauna a kan dutse.