Haƙoran Mabuɗi

Rumfata a Alabar ba ta kai tabarma biyu ba,
amma rabin ƙofofin Kumasi sun san hannuna.
Zarto ne alƙalamina, tagulla ce allona,
in rubuta haƙora biyar, ƙofa ta karanta ta buɗe.

Ni da ɓarawo darasi ɗaya muka ɗauka,
sallama ce ta raba mu:
ni sai an kira ni, kuma da rana.

Da hantsi Kwabena direba ya zo yana haki,
ya kulle mabuɗi a mota, inji na ci, fasinja na zagi.
Na lanƙwasa waya, na lallashi ƙofar kamar mai roƙon bashi,
ta ce ƙas.
Ya ba ni sidi ashirin da rantsuwar ba zai ƙara ba.
Rantsuwa ta huɗu ke nan bana.

Hajiya Barikisu mai atamfa a Kejetiya
kwaɗo uku take so a ƙyaure guda.
Na ce, Hajiya, katakon ne gara ta cinye,
mai shiga ba zai tsaya gaida kwaɗo ba.
Ta ce in sa dai. Na sa.
Barci take saye, ba ƙarfe ba.

Bayan la'asar aka aiko daga Aboabo.
Kwana bakwai da rufe Baba Inusa,
an jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado,
mabuɗinsa ya bi mai shi, ko ya faɗa kwata, oho.
'Ya'ya sun yi da'ira,
ɗaya ya taso daga Ankara da ƙurar hanya a takalmi,
ɗaya yana Italiya, fuskarsa a cikin waya,
kowa na jin ƙamshin takardar fili.
Na ce a kira liman,
ba na buɗe kayan mamaci babu shaida.

Na ɗiga mai. Tsatsa ta yi gardama.
Na kasa kunne a jikin kwaɗon
kamar mai sauraron ƙirjin jinjiri,
har ƙarfen ya gaji ya saki.

Babu sidi. Babu zinariya. Babu fili.
Mabuɗai ne, sun fi saba'in,
kowanne da zare a wuya da 'yar takarda da ajami.
Liman ya gyara tabarau:
"Na Seidu, ya tafi Libiya, a jira shi."
"Na Memuna, ɗaki na uku, sai ta dawo daga Bawku."
"Shagon Gariba, wuta ta ci shagon, mabuɗi dai amana ne."
Wayar Italiya ta yi shiru,
ban sani ba ko layi ne ya yanke.

Can ƙasa wani ɗan karkatacce,
haƙoransa kamar bakin tsohuwar akuya.
Tun kafin a karanta, tafin hannuna ya gane shi.
Shekara talatin da ɗaya ke nan,
ina yaron shago, maigidana ya tafi jana'iza,
na yanka mabuɗina na farko da gumi a ido.
Washegari Baba Inusa ya wuce ya ce, "Ya yi, yaro,"
har da ƙarin kuɗin koko.

Liman ya yi tari, ya karanta:
"Na Mumuni yaron Issaka.
Bai buɗe ba. Kada a gaya masa."

Suka ce, nawa ne aikinka?
Na nuna karkataccen. Suka ba ni, suna mamaki.

Yanzu yana rataye a ƙusa, sama da zarto,
mabuɗi ɗaya tilo a rumfar nan da ba shi da ƙofa.
Hadari ya haɗo ta wajen Suwame,
na tattara, na ja ƙyaure, na danna kwaɗo.
Na yi taku uku,
na dawo na girgiza shi,
kamar Hajiya.