Jan Tsumma, Shuɗin Tsumma

Ƙarfe biyar da rabi muke buɗe ƙofa,
kafin masu kwat su iso, kafin lifta ta farka.
Bene ne mai hawa huɗu a Unguwar Rimi,
mu tara ne, bokiti bakwai,
ni ake kira in an ga tabo a gilashi.

Kubura ta zo mana ran Litinin daga Rigasa,
adaidaita biyu ta hau, ta ƙarasa da ƙafa.
Na ba ta riga, na miƙa mata tsumma,
na ce, "Ai kin iya shara."
Ta ce, "Wace mace ce ba ta iya ba?"
Muka yi dariya.
Horon ke nan, duka-dukansa.

Ran Alhamis, a bayin hawa na uku,
ta ga farar jarka, ta ga koriya,
babu rubutu a jikin ko ɗaya,
ruwa ya daɗe da cinye takardar.
Ta ce a ranta biyu ai ta fi ɗaya,
ta haɗa su a bokiti, ta turo ƙofa.

Ishaya ne ya jiyo tarin ta bango.
Ya janyo ta waje, ido jawur,
numfashi na fita
kamar zare ta kafar allura.

Da la'asar manaja ya turo min takarda:
"Sakaci. A sallame ta. Sa hannu a ƙasa."
Na riƙe biro har yatsana ya yi sanyi.
Na hau sama na ce, ranka ya daɗe,
wanda aka tura rijiya ba guga
ba shi ya bar gida da ƙishi ba.
In akwai mai sakaci a nan,
ga ni, ga ka, ga jarka marar suna.

Ya yi shiru. Ya ce, "Me kike so?"
Na ce Asabar ɗaya a wata,
a biya su kuɗin ranar, ban da kuɗin mota.
Na ce safar hannu, ba leda ba.
Na ce takunkumi. Ya ce, "Tsada."
Na ajiye masa rasit ɗin asibiti.

Dare uku ina rubutu a kan tabarma,
da Hausa, da manyan baƙi,
da zane don Baba Tanko da bai yi boko ba.
Jan tsumma na bayi ne, ba ya hawa tebur.
Shuɗi na tebur ne, ba ya shiga bayi.
Murfi ɗaya a bokiti, ba "ɗan ƙara" ba.
Kada a aurar da jarka da jarka.
Buɗe taga kafin ka buɗe murfi.
In ƙasa ta jiƙe, kafa allon rawaya,
ko da kai kaɗai ne a benen.

Baba Tanko ya ce, "Shekara ashirin ina goge-goge,
yau yarinya za ta koya min launi?"
Na ce to kai ka koya mana.
Ya tashi, ya nuna yadda ake fara daga lungu
a ƙare a bakin ƙofa,
kada mutum ya taka aikinsa.
Na ƙara shi a takardar. Na sa sunansa.

Ba komai ne ya gyaru ba.
Safar hannu kan ƙare kafin wata,
Ishaya har yau yana mance allon.

Amma jiya, da asuba,
na hango sabon yaro, Shekarau, ya ɗaga koriyar jarka,
na hango hannun Kubura ya sauka kan nasa.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta tura taga tukuna,
sannan ta ce, "Karanta min abin da ke jiki."

Ƙarfe takwas masu kwat suka shigo,
suka bi ta kan tayil mai sheƙi.
Ba wanda ya dubi ƙasa.
Haka muke gane mun yi aiki.